Kunnuwan Shanun Giɗaɗo

Duk wanda ya zauna a Azare a farkon shekarun tamanin ya san Ezekiyel mai allurar shanu. In bai san fuskarsa ba ya san babur ɗinsa, wanda ake jin tarinsa tun daga tasha. Mutumin kudancin Bauchi ne, siriri, mai saurin magana da saurin hawa. Aikin dabbobi ya kawo shi ƙasar Katagum tare da matarsa Hanatu, ya koyi Fillanci mai gargada, ya kuma tsiri wani hali da ba wanda ya sa shi: shiga faɗan da ba nasa ba. In aka kama saniyar makiyayi ba bisa ƙa'ida ba, Ezekiyel na can yana kumfar baki. In dangin miji suka kori gwauruwa daga ɗakinta, shi ne kan gaba.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne addu'a ta daɗe da bushe masa. A coci in aka ce a rufe ido yakan rufe, amma can ciki yana tsara baƙar maganar da zai yaɓa wa wani ranar Litinin. Hanatu kaɗai ta gane.

"Baban Joan, kullum kana ɗibar ruwa kana ba mutane. Kai yaushe rabonka da sha?"

"Allah ya san aiki nake yi," in ji shi, ya buga babur.

Sai ga shekarar bushiya, cutar da ke kwantar da garke guda kafin mai shi ya gama salati. Saniya ta fara hawaye da dalala, sai zawo, sai ungulu. Allura ce kawai maganinta, kuma duk saniyar da aka yi wa akan yanke mata gefen kunne. Mai wannan shaida ta tsira, ba mai sake tsira mata allura, a kora ta ko'ina. Amma maganin sanyi ne ransa. In ya sha zafi, ruwa ne kawai a kwalba.

Wata safiya Ezekiyel ya tarar firijin ofishinsu mai aiki da kananzir ya mutu tun ƙarshen mako, kwalaben duk sun yi ɗumi. Ya faɗa wa babbansu. Mutumin ko ɗago kai bai yi ba.

"Manya na zuwa duba aiki. Ka je rugar Giɗaɗo ka yi allura, ka kawo mini guntayen kunne a jaka. In ka dawo hannu rabbana, ka ajiye makullin babur ka nemi motar garinku."

Ai sai bakin nan mai kaifi ya mutu. Ashe faɗan wani daɗi gare shi. Yau da abin ya taɓa tukunyar gidansa, Hanatu ga ciki ga goyo, Ezekiyel ya ɗaure kula, akwatin sanyin da ake ɗaukar magani, a bayan babur ya kama hanyar Bulkachuwa.

Ya isa da hantsi. Giɗaɗo, dattijo mai ido ɗaya, ya tara shanunsa da na 'yan'uwansa, ƙahoni iya ganinka. Maza sun yi layi da sanduna a kafaɗa, fuskoki ba walwala, don an riga an yi asara a rugagen maƙwabta. Jalo, babban ɗan Giɗaɗo, ya kayar da wata farar saniya ya danne wuyanta.

"Bisimilla, Likita."

Ezekiyel ya buɗe kula. Ya ɗauko sirinji. In ya yi allurar, ya kashe shanun nan da hannunsa, ba kuma wanda zai taɓa sani. In ya faɗi gaskiya, ga sanduna, ga daji, ba kowa nasa. A makon jiya ma ya ji an fasa wa wani mai allura kai a wajen Shira. Tsoro ya kama shi.

"Baffa, bari in yi addu'a tukuna," ya ce.

Ƙarya yake yi, lokaci kawai yake nema. Amma Giɗaɗo ya gyaɗa kai, ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gindin aduwa, ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Ga mutum a durƙushe, jama'a na jiran ya gana da Ubangijinsa, shi kuwa ya manta hanya. Ya lalubi kalmomin da ya haddace tun yana yaro, ko ɗaya ba ta zo ba. Ba ya jin komai sai numfashin saniyar nan.

"Uba, tsoro nake ji," ya ce a hankali. "Ni ba jarumi ba ne, baki ne kawai da ni. Na gaji. Ka riƙe ni."

Sai hawaye. Ya daɗe a nan yana faɗin abubuwan da ko Hanatu bai taɓa faɗa wa ba. Tsoron bai tafi ba, kada a yi wa Allah ƙarya. Sai dai da ya miƙe ya ji ba shi kaɗai yake ɗauke da shi ba.

"Baffa, maganin nan ya mutu. Zafi ya kashe shi tun a gari. Na sani, na kuma taho da shi. Ba zan taɓa kunnen saniya ko ɗaya ba."

Wurin ya hargitse. Jalo ya saki saniyar ya yo kansa da sanda a sama. Ezekiyel ya runtse ido ya kare kai da hannu, yana jiran saukarta.

"Jalo!"

Muryar dattijon ce. Giɗaɗo ya tako, ya tsoma hannu cikin kula, ya ji ruwan ɗumi kamar na wankan jariri. Ya daɗe yana kallon shanunsa.

"Da ka yanke musu kunne, gobe da asuba zan bi da su ta mashayar da ake mutuwa." Ya juya ga mutanensa. "Ba saniyar da za ta bar wurin nan sai magani mai rai ya zo."

Ezekiyel ya ɗaure jakarsa wayam, ya hau babur.

"Can gari za su ƙyale ka?" in ji Giɗaɗo.

"Ba za su ƙyale ni ba, Baffa."

"To sauko. Ba a naɗe buzun ba tukuna. Koma ka ƙara, mu ma za mu sa ka a tamu addu'ar."

Ya sauko ya durƙusa. Washegari aka karɓe makullin babur ɗin. Ya tako da ƙafa har gida, ya tarar da Hanatu a bakin murhu, ya tsaya a gabanta. Ta dubi hannunsa ba makulli, ta dubi idonsa, ta sauke tukunyar ta matsa masa wuri a tabarma.