Gaisuwar Suruki a Cikin Ruwa

Na jima ban yi rubutu a nan ba. Masu cewa siyasa na shiga, ku yi haƙuri, gwiwa ce.

Abin ya fara ne da ɗan ƙara in na miƙe daga sujada. Daga baya gwiwar dama ta kumbura, ta ƙi lanƙwasuwa. Na koma sallah a kan kujera, a gefen sahu, tare da tsofaffin da suka girmi mahaifina. Wannan ya fi ciwon damuna.

Daga asibitin Tambuwal aka tura ni Sakkwato ɗaukar hoton gwiwar. Likita ya ce gurunguntsi ne ya cinye. Kuɗin mota, kuɗin hoto, ga magani mai ƙona ciki. Da na ji an ambaci tiyata, kwana na yi ina tunanin ko ni da sujada mun rabu ke nan.

Likitar motsa jiki ta ce a fara gwada ruwa. Wani kwami ne na ruwan ɗumi, iya ƙirji, da ƙarfe a gefe na riƙewa. Ruwan yana ɗauke wa gwiwa nauyin jiki, sai ta motsa ba azaba. Wani ma'aikaci ke shiga da mu. Kullum sai ya ce, "Malam, durƙusa kaɗan." Ni kuwa tsoro ya hana ni, sai dai in yi ta kai da komo kamar mai neman abin da ya faɗa.

Wata safiya na shiga da gajeren wando, sai na ga wani dattijo a tsaye cikin ruwa, ba riga ba hula. Ya juyo.

Surukina ne, daga Kebbe, ciwon baya ya kawo shi. Matata ce ta yi wa kowannenmu kwatancen wurin, ba ta kuma gaya wa ɗayanmu zancen ɗayan ba.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Kafin in yi shawara, jiki ya riga ya yanke. Na durƙusa.

"Baba, ina kwa…"

Sauran gaisuwar a ƙarƙashin ruwa na ƙarasa ta.

Shi ya cafko ni. "Tashi, Malam, na amsa. Kak ka bam mani ɗiya da marayu."

Ina tari, ma'aikacin ya ce, "Wanga durƙuson nika roƙo tun zuwanka. Ya yi ciwo?"

Na tsaya na saurari gwiwar. Bai yi ba.

Daga ranar tsoro ya ragu. A hankali na koma atisaye a ƙasa, kuma Juma'ar da ta wuce goshina ya taɓa tabarma a tsakiyar sahu. Gwiwar ba ta koma sabuwa ba, amma tana aiki. Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan, da ku masu addu'a, da Baba.

Shawarata: ciwon gaɓa in ya daɗe, a je asibiti. Kada wani ya karanta wannan ya nufi gulbi shi kaɗai. Ruwan magani da ma'aikaci ake shigarsa. Sannan kafin ka cire riga, ka tambayi matarka ko wa da wa ta yi wa kwatance.