Kujerar Inna a Bayan Jif

Ba don burga na ɗaga tsohuwar jif ɗina ba, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Inna, mahaifiyata, tana ƙauyenmu can bayan Lambata, ga ciwon suga, kuma ta rantse ba za ta zauna wurina a gidan haya a Suleja ba. Duk wata sai na ɗauko ta zuwa asibiti. Da damina ta kankama hanya ta zaizaye, cikin motar ya riƙa kartar ƙasa, har ranar da na baro salansa a laka, Inna ta rasa ganin likita.

Yayana ya ce, "Kai dai da taurin kai! Sayar da akwalar nan, a riƙa kawo ta a babur."

Tsohuwa mai jiri a kan babur? 

Sababbin kayan ɗaga mota sun fi ƙarfina. Na nufi wajen 'yan gwangwan a Diko, na tsinto sifirin na wata matacciyar bas da dogayen shokozoba. Bakanikena ya ƙara falle-fallen sifirin a baya, ya yanka tsohuwar tayar tirela ya cusa a gaba, yana yi yana min dariya. Mota ta miƙe kamar raƙumi. Samarin layinmu suna ta ihu, "Oga, sai da tsani!" Na ce su yi ta yi.

Na ratsa lakar nan ko gezau, na tsaya ƙofar gida ina hura hanci. Inna ta fito, ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi kaiwa.

"Ɗan nan, ɗaukata ka zo yi, ko bene ka kawo min?"

Na miƙa hannu zan cicciɓe ta, ta buge shi. "Ban mutu ba tukuna. Ɗauko min kujerata ta tsakar gida."

Ta taka 'yar kujerar, ta haye da kanta. Tun daga ranar kujerar ta tare a bayan mota, kuma Inna ba ta ƙara rasa asibiti ba.

Bara Allah Ya yi mata rasuwa. Yanzu kwalta kawai nake bi zuwa Abuja, motar tana tangaɗi a kwana, bakanike kullum sai ya ce mu sauke ta. Wallahi ba zan sauke ba. Kujerar ma tana nan inda take, ban yarda kowa ya taka ta ba.