Mutumin da Yake Ce Mana "Kai"

Kakata 'yar Maraɗi ce, kuma har ta koma ga Allah ba ta yafe wa Hausar unguwarmu Nima ba. In ta ji an ce wa mace "kai", sai ta furzar da goro ta ce an zubar da rabin harshe a kwata. A hannunta na tashi. Shi ya sa ranar da malamin wasanni na sakandarenmu ya nuno ni da usur ya ce, "Kai, mai kallon sama, zo ka yi gudu," na waiga ina neman yaron da yake kira.

Babu kowa a bayana.

Koci muke ce masa. Daga arewa ya zo, dogo ne mai ɗan ɗingishi, ba Bahaushe ba ne, a unguwar Zongo ya koyi Hausa, inda namiji da mace duk "kai" ne. Filin makarantarmu jar ƙasa ce, tun asali na 'yan ƙwallo maza. Shi ya ɗebo toka wurin masu sayar da koko ya zana mana layin gudu a kewaye, mu 'yan mata, ya ce nan namu ne. Iyaye mata suka zo faɗa. Ya saurare su har suka gaji, sannan ya ce wa ɗaya, "Hajiya, yarinyanka ya fi motar trotro sauri. Ka ɗinka mishi dogon wando kawai." Ta zage shi da yaren Twi, ta kuma ɗinka.

Ni ban taɓa zama gwana ba. Ina cikin gudu hankalina zai tafi wurin shirwar da ke shawagi saman unguwar Maamobi, sai in ji muryar Koci. "Kai! Tsuntsu zai ci maka jarrabawa ne?" Amma kalmar nan da kakata ta tsana ta zame mini kamar riga mai faɗi. A cikinta ina numfashi son raina, ba wanda ke tuna mini yadda ya kamata in taka ƙasa.

Sai aka ɗauke shi zuwa ofishin ilimi, aka ce ci gaba ne. Wanda ya gaje shi ƙwallo kaɗai ya sani. Ruwa ya wanke tokar, ba a sake zanawa ba, kuma da muka fito da dogayen wandunanmu aka ce mu matsa, muna tare wa maza hanya. Muka sami Koci a ofis, wuyansa a shaƙe cikin laktaye.

"Koci, an kore mu."

"Zan mayar da ku," in ji shi. "Ku ba ni lokaci."

Ya yi ta kai maganar daga wannan zama zuwa wancan. Na ji an ce har dariya ake yi in ya ɗaga hannu, don an san abin da zai faɗa. Na gama makaranta yana nan yana roƙo. Ya yi ritaya yana roƙo. Daga nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi.

Na je gaishe shi a gidansa da ke Kotobabi. Bakinsa ya karkace, magana na fita da ƙyar. Ya daɗe yana kallona.

"Ka... na gudu?"

"Babu wurin yi, Koci."

Ya rufe ido. Matarsa ta ce in bar shi ya huta.

Ranar da ya rasu, a kan titi aka yi masa salla, motoci suka tsaya. Da aka ɗaga makara, maza suka zabura da ita da sauri kamar yadda ake yi, kusan sassarfa. Ban yanke shawarar komai ba. Ƙafafuna ne suka gane takun suka bi, gwiwa sama, numfashi ta hanci, yadda ya koya mana. Na wuce mata, na kusa kai ƙarshen sahun maza.

Wani dattijo mai farin rawani ya miƙo sandarsa gabana. Hausarsa tsaf, irin ta kakata.

"Ke. Mata ba sa raka gawa. Koma ciki."

Bai yi kuskuren ko harafi ɗaya ba. Na tsaya. Makarar ta karya kwana ta bi ta gefen filin makarantarmu, inda yara maza ke buga ƙwallo har bakin katanga, a kan wurin da layinmu yake a da.