Kwikwiyon Baba Salami

A unguwar Maamobi ta Accra in ka ambaci Baba Salami shumeka, mai gyaran takalma, kafin a yabi ɗinkinsa sai an ba ka labarin ranar da ladan ya fito daga sallar La'asar da silifas ƙafa ɗaya. Aka duba ko'ina, sai ga ɗayan a kan teburin Baba Salami duk an tattauna shi, kwikwiyo na gefe yana kaɗa bindi kamar mai jiran tukuici.

A kwata Baba Salami ya tsamo kwikwiyon ruwa na shirin tafiya da shi, damina ta farko bayan rasuwar matarsa Wadia. Ya ce in ya bushe zai sake shi. Ya bushe, sai ya sa masa suna Kofur.

Kofur kuwa akwai kai. Ya lura duk lokacin da aka ajiye takalmi a teburin nan, fuskar tsohon takan saki, a sayo abinci, shi ma a gutsura masa. Da ciniki ya ja baya, sai ya shiga nemo wa maigidansa aiki, kuma ina ake tara takalma kamar ƙofar masallaci?

Da fari dariya aka yi. Sannu a hankali aka daina kawo gyara, don ba mai son takalmin da yawun kare ya taɓa. A sahun salla ma sai a bar ɗan fili tsakani da tsohon. Ranar da Kofur ya tsoma harshe a bokitin ruwan alwala na tsakar gida, mai gidan, Hajiya Fulera, ta tsaya a ƙofarsa.

"Baba Salami, gidan nan na masu salla ne. Ko ɗakin, ko karen."

"Hajiya, yaro ne fa."

"Yaro? To ku nemi ɗaki ku biyu."

A ɗakin nan Wadia ta cika, kuma tsoho irinsa in ya fita, ba mai ba shi wani a Accra. Ya sa Kofur a kwali ya kai wa Rauf, mai sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, wanda ke neman karen gadi. Aka ɗaure shi da igiya, ya tsinke ta kafin su gama gaisawa. Rauf ya ɗauko sarƙa. Baba Salami bai waiwaya ba, amma kukan ya raka shi har bakin titi.

Masu kawo gyara sun dawo, filin sahu ya cike. Shi dai ya rage magana, yakan kai Magariba a teburinsa ko ba aiki.

Samari kan tsokane shi in za su wuce: "Baba, ina ɗan aikenka? Takalmina ya tsinke, ba wanda ya zo ɗauka!"

Sai ya ɗago ya ce, "Ya samu aikin gadi, ɗana. Kawo da ƙafarka. In ka zo kuma ka ɗan zauna, ko ba ka biya ba."