Igiyar Kakana Mai Haƙa Rijiya

Ƙasar da aka tono daga can cikin rijiya tana da ƙamshinta daban, mai sanyi, ba irin na ƙasar gona ba. Shekaranjiya na ratsa ta unguwar Gawon Nama na tarar ana haƙa, ƙamshin ya buge ni, sai da na nemi dakali na zauna. Kakana na tuna, da abin da na yi masa.

Turawa ba su daɗe da shigowa Sakkwato ba lokacin da nake yarinya. Kakana mai haƙa rijiya ne, kuma yana da wata al'ada da ban ƙara gani wurin kowa ba. Duk yankin da ya yi haƙa, sai ya ɗebi kaɗan daga kowace irin ƙasa da ya ratsa, ya ɗinke a 'yar jakar fata kamar laya, ya ƙulla a jikin doguwar igiya daidai zurfin da ya same ta. Jar marmara a sama, sai yumɓu, sai farin dutse, sai baƙar laka mai kauri, sannan rairayi mai ruwa. Kowane yanki da igiyarsa, a rataye a zaure. Ba ya karatu, igiyoyin nan su ne littattafansa, da su yake cin abinci, da su ake ganin girmansa.

Farin dutsen nan shi ya ja ni. A cikinsa akwai katantanwa da ta koma dutse, har da haƙoran kifi. Nakan tambaye shi me ya kai kifi ƙarƙashin ƙasa.

"Matata, nan da kika gani ruwa na da can," in ji shi, da wannan suna yake tsokanata. "Laka ta kwanta, wata ta kwanta bisa gare ta. Ta ƙasa ita ab babba."

Wata rana da bazara ya tafi Hubbare ziyara. Na sauko da igiyar yankin Dundaye, na kwance jakunkunan duka don in nuna wa ƙawayena kifin dutse. Da na ji motsinsa na mayar da su a gurguje. Jakar rairayi na ɗaura kusa da ta farin dutse, ta baƙar laka kuwa da ta ƙi ƙulluwa na cusa ta a bayan randa. A wautata duk ƙasa ƙasa ce.

Bayan shekara guda Bature ya ce a haƙa rijiya a wajen Dundaye, hakimi ya aiko a kira kakana. A lokacin idonsa ya yi rauni, da hannu yake karanta igiyarsa. Ina tsaye ya shafa ta.

"Kaina na ce mini akwai baƙar laka," ya ce wa baffana, ɗansa da ke shiga rami a madadinsa. "Amma kan mutum ka mantuwa, igiya ba ta mantuwa."

Da na buɗe baki a nan, da shi ke nan. Tsoron bulala ya hana ni. Ya je gaban hakimi ya yi alkawarin ruwa da zarar an fasa farin dutse, kafin damina.

Aka kwaso manoma aikin tilas. Aka fasa farin dutse, sai baƙar laka. Aka yi ta haƙa, laka ba ta ƙare ba. Ruwan shuka ya sauka mutane suna rami, gonakinsu suna jira, daga baya ramin ma ya rufta. Wasu ba su sami geron kirki ba a shekarar. A kasuwa aka ce tsufa ya rikita tsoho, kuma ba a ƙara kiransa haƙa ba.

Wata safiya na kai masa kunu, na same shi da igiyar a cinya yana bin ƙulle-ƙullen da yatsu. Ya kamo hannuna ya ɗora a kan ɗaya.

"Wanga ƙulli ba nawa na ba," ya ce a hankali. "Amma in an tambaya, nawa na. Aje kunun."

Bai ƙara zancen ba har ya koma ga Allah. Ni ma ban taɓa tayar da shi ba, kuma wannan shirun ya fi ɓarnar ci mini rai.

Yau inji ke huda ƙasa cikin kwana biyu, ba wanda ke buƙatar tsoho da igiya. Farin dutsen ma motoci ke kwasarsa ana yin siminti. Amma a unguwarmu har yanzu in mutum ya yi alkawarin da bai cika ba, sai a ce ya yi ruwan tsohon Dundaye, yara su yi dariya ba su san wa ake nufi ba. Na girme shi yanzu, waɗanda ya kamata in gaya wa duk sun tafi. To, ku da kuka rage ku sani: tsohon bai rikice ba. Ni ce.