Kwalbar Wendell a Bakin Tafki

Shekara goma sha tara muna zuwa kamun kifi da Wendell Haugen, tsohon mai raba wasiƙu, a wani tafki na arewacin Minnesota. Ƙa'idarsa ɗaya ce: farar giyar inabi da kifi, ja da nama. Ni kuma nakan rubuta abin da muka ci da abin da muka sha a ɗan littafina, shi ya sa yake ce min Akawu.

Farar yakan ɗaura mata igiya ya jefa a ruwa ta yi sanyi. Ran nan sai ya haɗa ta igiya ɗaya da kifayen da ya kama. Da ya je ɗaukowa, ya tarar wata baƙar beyar, ƙatuwar dabbar dajin can mai farata, tana jan igiyar. Taku goma ne tsakaninsu.

Na ce a hankali, "Tsoho, don Allah bar mata kwalbar."

"Akawu, wa ke ta kwalba?" in ji shi. "Faɗa min inda zan taka."

Ina faɗa masa, yana ja da baya, har muka shige mota muka kulle.

Shafin ranar ba kifi, ba giya. Kalma biyu ce, da ƙyar suke karantuwa: igiya biyu. Daga ranar, kifi da tasa igiyar, kwalba da tata.