Kusurwar da Yaya Hamadu Ya Bari Fili

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Hamadu, mai zanen gidaje a Garwa. Bai taɓa zana bene ba. Aikinsa ƙananan gidajen nan ne masu kama ɗaya, irin waɗanda ake gina wa mutanen da ambaliyar Binuwai ta tasa: ɗaki biyu, madafi, makewayi, shi ke nan. Ni kam na sha yi masa tsiya cewa akurkin kaji yake zanawa.

Abu guda ne ya ƙi bari. A kowane zane yakan ja layi ɗigo-ɗigo a kusurwar da ke jikin titi, faɗin ɗaki guda, ya bar ta fili. Mutanen ofis suka ce ɓarnar ƙasa ce. Ya ce musu: "Wurin tsohuwa ne. Ba ta iso ba tukuna, amma tana hanya."

Yanzu a kwamfuta ake zane, kuma ba mai barin ko taku ɗaya. A tsofaffin gidajen ma, kusurwar nan kusan duk ta koma butik, ana sayar da sabulu da katin waya. Ban ga laifin kowa ba, zamani riga ne. Da Yaya zai gani, ina jin fensirinsa kawai zai fiƙe, don shi ba mai dogon musu ba ne.

Bara maigidana ya rasu. Allah bai ba ni haihuwa ba, aka raba gado, gidan ya fita hannuna. Na tsorata ƙwarai, amma ban iya roƙo ba. Bashiru, ɗan Yaya, yana zaune a ɗaya daga cikin gidajen da babansa ya zana, kuma na san ya riga ya tara bulo zai yi butik ɗinsa.

Bayan na fita takaba ya zo, ya durƙusa ya ce: "Goggo, magini ya tambaye ni inda ƙofa za ta kalla. Na ce masa ciki, ba titi ba."

Babu ginin da ke ɗauke da sunan Yaya, takardunsa ma gara ta cinye. Abin da ya rage ɗakin nan ne da nake zaune a ciki. Ashe ni ce tsohuwar da ke hanya. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa nasa makwancin.